Yadda ake sa alama a jikin zobe kafin a dasa dutse

Duk zoben da ka gani dutsensa ya karkace, ko jerin ƙananan duwatsu sun taho daidai sai na ƙarshe ya hau kan ɗan'uwansa, toh ba wurin danna ƙarfe aka ɓata shi ba, tun wurin sa alama aikin ya lalace. Yaran shago da yawa daga Garwa har Marwa, Kusseri har Injamena, hannunsu ya iya walda, ya iya goge azurfa ta yi ƙyalli, amma da zarar an ce a shata inda dutse zai zauna sai kaga an ɗauki meshi, wato ƙarfen huda rami, an nufi ƙarfe da ido kawai. Tela ma da yadinsa ke da arha ba ya sa almakashi sai ya ja alli, balle kai da ke riƙe da zinaren mutane wanda aka auna maka a sikeli kuma za a sake aunawa ranar karɓa. Ramin da ka huda ba ya komawa baya, sai dai ka cike da walda, kuma wurin zai nuna.

Bari mu fara da kayan da za su kasance a gabanka. Na farko piye a kulis, ma'aunin nan mai baki biyu da ke zamewa. Mai batir yana nuna maka har 0.01 na milimita kuma ya fi sauƙin karantawa, sai dai ka riƙa rufe bakinsa kana duba ko yana kan sifiri kafin kowane awo, don ƙurar hunturu in ta shiga tsakanin haƙoransa ƙarya zai yi maka. Na hannu marar batir shi ma yana yi in idonka na da kyau. Na biyu kwamfas na ƙarfe mai tsini biyu, wanda ke da dunƙulen murɗawa a gefe don in ka saita shi ya tsaya cak. Na 'yan makaranta mai fensir ba zai yi ba, ƙafarsa na motsi. Tsinin biyu dole tsawonsu ya zama ɗaya, ka wasa su a kan dutsen wasa wuƙa har su yi siriri. Na uku tsinken zane, kuma ba sai ka saya ba, allurar keken ɗinki ka soka a guntun itace ta isa, ko karyayyen firez, wato ɗan ƙarfen da ake sa wa inji a ci ƙarfe da shi, ka wasa bakinsa, ƙarfensa mai kauri 2.35 mm ne kuma yana da tauri sosai. Sai maka, wato alƙalamin tawada, marar gogewa baƙa ko shuɗiya, ƙaramar rula ta ƙarfe, tiribule wato sandar awon zobe, lup mai ƙara girma sau 10, kakin zuma (na Ngawundare yana da kyau kuma ba wuyar samu), guntayen takarda, da alkol, wato sifirit, na farmasi don gogewa. Shikenan. Duk waɗannan in ka cire piye a kulis kuɗinsu bai kai abin da zaka yi asara a zobe ɗaya da ya lalace ba.

Ka auna dutsen da ke hannunka

Abin da aka rubuta a jikin leda ba shi ne girman dutse ba. Ledar zirkon, dutsen nan mai kama da daimon, da aka rubuta mata 2 mm, in ka zauna ka auna ɗaya bayan ɗaya zaka samu mai 1.9, mai 2.0, mai 2.05, duk a ciki. Ka ware su kashi kashi, masu kama ɗaya su tafi layi ɗaya. In dole ka haɗa su, manyan su zauna tsakiya ƙananan su gangara gefe, ido ba ya kama wannan.

Aƙiƙ kuwa, wanda malamai da alhazai suka fi so a zoben azurfa, shi sai ka ƙara natsuwa don yawancinsa da hannu aka gyara shi. Ka auna tsawo, ka auna faɗi, ka auna tudu, sannan ka juya shi ka sake auna tudun ta ɗaya gefen, sau da yawa gefe ɗaya ya fi ɗaya kauri. Ka rubuta lambobin a takarda, kar ka ce zaka riƙe a ka, mai saye zai shigo ku gaisa ku yi cinikin ɗan kunne ka dawo ka manta ko 10.2 ne ko 10.4.

Ga masu kusurwa kusurwa irin zirkon akwai wurare uku da zamu riƙa ambata: fuska wato saman nan mai faɗi, ƙugu wato inda ya fi faɗi a kewaye, da tsinin ƙasa. Zagayayyen dutse irin wannan zurfinsa daga fuska zuwa tsini yana kai kamar kashi 60 cikin 100 na faɗinsa, kenan mai 2 mm zai yi zurfin 1.2 mm. Wannan lissafin ka yi shi tun kafin ka ja ƙarfen zoben, in ƙarfen bai kai 1.5 mm ba tsinin zai leƙo ta ciki ya riƙa sukar yatsar mai shi, ni nafi son 1.8.

Baƙanta ƙarfe da layin tsakiya

Kafin tsinke ya taɓa ƙarfe ka gama duk wata walda, ka goge wurin da samfefa mai laushi, sannan ka shafe shi da maka ya yi baƙi ƙirin ka bari ya bushe. In maka ta ƙare hayaƙin kyandir ma yana yi, sai dai yana gogewa da yatsa. Amfanin baƙin nan shi ne tsinke zai cire tawada kawai, layi ya fito fari tas a kan baƙi ba tare da ka karce ƙarfen ba. In layin bai yi ba ka sake shafawa ka sake ja, ba abin da ya ragu. Masu danna tsinke da ƙarfi su ne daga baya suke bin layin da magagari, kuma duk abin da magagari ya ci a zinare 750 ko 875, wato karat 18 ko 21, nauyi ne ya fita daga kayan mai shi.

Ka leƙa cikin zoben ka ga inda hatimin awo yake da inda aka yi waldar haɗi. Kar dutse ya faɗa kan ko ɗaya. Meshi zai fito ta ciki ya cinye hatimin, wurin walda kuma taurinsa daban da sauran ƙarfen, meshi yana zamewa a kai. Haɗin ya zauna ƙasa ta tafin hannu, saman zoben shi ne daidai kishiyarsa. Yadda zaka gano kishiyar: yanki siririyar takarda, ka naɗa ta a bayan zoben daga kan haɗin har ta dawo, ka yanke daidai inda ta haɗu, ka cire ka ninka biyu, ka mayar, inda ninkin ya faɗa nan ne sama. Ka ja gajeren layi a gicciye.

Layin tsakiya kuma da kwamfas ake jan sa. Zobe mai faɗin 4 mm, ka buɗe kwamfas 2 mm, ƙafa ɗaya ta rataya a gefen zoben tana bin baki, ɗayar tana zane a sama, kana juya zoben a hankali. Kar ka tsaya nan, juya zoben ka sake ja daga ɗaya gefen. In layin biyu sun hau kan juna alhamdulillahi, in sun bar ɗan tsakani toh ainihin tsakiya tana tsakaninsu, kuma wannan ya nuna maka ko dai kwamfas bai saitu ba ko faɗin zoben ba ɗaya ba ne a ko'ina, gara ka sani yanzu. Duk sauran awon daga wannan layin da layin gicciyen zasu tashi, kar ka riƙa aunawa yau daga gefen dama anjima daga na hagu.

Gidan aƙiƙ

Wannan shi ne aikin da ya fi zuwa mana, musamman gab da sallah: dutse mai tudu, ƙasansa a shafe, a kewaye shi da siririn bango na azurfa a danne bakin. Bangon in da hali ka yi shi da azurfa tsantsa 999 don ta fi mai gauraye 925 laushi wurin dannawa, kaurin 0.4 ko 0.5 mm.

Tsawon bangon lissafi ne. In dutsen zagayayye ne, ka haɗa faɗinsa da kaurin ƙarfen ka ninka da 3.14. Dutse mai 8 mm da bango mai 0.4, wato 8.4 sau 3.14, ya ba ka 26.4 mm. In mai siffar ƙwai ne sai ka haɗa tsawo da faɗi ka raba biyu tukuna. Aƙiƙ mai 14 da 10, haɗinsu 24, rabi 12, ƙara 0.5 na bango ya zama 12.5, sau 3.14 ya ba ka 39.25 mm. A mai siffar ƙwai wannan lissafin yana ɗan gazawa kaɗan, don haka ka sa alamar yanka a 39.7 ko 40 ka rage da magagari. Dalilin ƙara kaurin ƙarfen shi ne in ka lanƙwasa shi cikinsa yana matsewa bayansa yana miƙewa, tsakiyar kaurin ce kaɗai ba ta canzawa. Shi ya sa wanda ya naɗa takarda a dutse ya yanka azurfa daidai tsawon takardar kullum gidansa ke fitowa ƙarami, takarda ba ta da kauri. In lissafi ba ya maka daɗi, naɗa azurfar kanta a gindin dutsen bayan ka gasa ta ta yi laushi, ka matse da yatsu, inda baki ya hau kan baki ka ja tsinke. Ka yanka ta wajen layin, layin ya rage a jikin abin da zaka yi aiki da shi.

Tsayin bango nan ne mutane suka fi kuskure. Ka ajiye dutsen a kan abu mai shafe, ka tsayar da azurfar a jikinsa, ka sunkuya ka duba ta gefe daidai idonka. Inda jikin dutsen ya fara kwantawa ciki, ɗan sama da nan kaɗan shi ne alamarka. Yawanci yana kamawa wajen kashi ɗaya cikin uku na tudun dutsen, amma dutsen ne zai faɗa maka, mai tsayayyen gefe yana son bango mai tsayi, shimfiɗaɗɗe yana son gajere. In ya yi gajarta ba abin da zai riƙe, in ya yi tsayi zai rufe rabin dutsen kuma bakin ya yi tattara wurin dannawa. Da ka samu tsayin, saita kwamfas a kansa, ƙafa ɗaya na bin gefen azurfar ɗaya na zane, layi ya tafi daidai daga farko har ƙarshe. In dutsen gefe ɗaya ya fi tudu, kar ka bi shi da bango mai hawa da sauka, sa siririyar waya ko ɗan ƙarfe a ƙarƙashin gefen da ya yi ƙasa ya daidaita.

Wani ɗan abu da ke ceton lokaci: dutsen da aka gyara da hannu hanya ɗaya yake shiga gidansa, in ka juya shi kai ya koma ƙafa sai ya ƙi. Manna ɗan sikoc na takarda, wato tef mai mannewa, a kan dutsen ka ɗiga maka a kai ta gefe ɗaya, ka ɗiga irinsa a wajen bangon. Bayan walda tawadar zata ƙone, don haka a ƙarfen ka yi ɗan ƙaramin karce ta ciki inda dutse zai rufe. Kuma duk sanda zaka gwada dutse a gida ka shimfiɗa zare mai ƙarfi a ƙarƙashinsa bakin biyu na waje, in ya matse ka ja zaren ya fito, ba sai ka sa wuƙa ka fasa gefensa ba.

Wasu masu saye suna so a bar bayan a buɗe. Toh bayan ka yi waldar bango a kan faranti, saita kwamfas 1.5 mm, ƙafa ɗaya na bin cikin bangon, ka zana kewaye, abin da ke cikin layin shi zaka yanke da zarto, abin da ya rage shi ne matashin da dutse zai zauna a kai. Kafin ka yanke, juya farantin ka ja gicciye a bayansa, layi ɗaya ta tsawo ɗaya ta faɗi har su sauko gefe, waɗannan zaka daidaita da layin tsakiyar zoben ranar haɗawa. In ka riga ka yanke tsakiyar ba ka ja ba sai ka koma kintace, kuma kan zobe da ya juya ko da kaɗan ne mai shi zai gani duk sanda ya ɗaga hannu.

Jerin ƙananan duwatsu

Yanzu zoben mata wanda ake nutsa zirkon a cikin ƙarfen kansa fuskarsa ta yi daidai da saman zoben. A nan tsakanin dutse da dutse kana buƙatar ƙarfen da zaka danna, ka bar kamar 1 mm, kar ya gaza rabin milimita. Dutse 2 mm da tsakani 1 mm, kenan daga tsakiyar wannan zuwa tsakiyar na gaba 3 mm. Kullum daga tsakiya zuwa tsakiya ake awo.

In duwatsu biyar ne ko bakwai a sama kawai, abin da sauƙi. Na tsakiya ya zauna inda layin gicciye ya haɗu da layin tsakiya, ka saita kwamfas 3 mm ka taka zuwa dama, ka dawo tsakiya ka taka zuwa hagu. Kar ka fara daga gefe ɗaya ka nufi ɗayan. In adadin shida ne ko takwas, tsakiyar zoben tana faɗawa tsakanin duwatsu biyu, sai ka auna 1.5 mm dama 1.5 mm hagu ka ci gaba daga nan.

In kuma kewaye duka ake so, sai an zauna da biro. Lambar zobe irin ta Faransa da muke amfani da ita a nan, ita ce tsawon kewayen ciki a milimita, lamba 54 kewayen cikinsa 54 mm, faɗin ramin 17.2 mm. Amma duwatsu a waje suke zama. Ƙarfe mai kauri 1.8 ta gefe biyu 3.6, haɗa da 17.2 ya zama 20.8, sau 3.14 ya ba ka 65.3 mm. Raba da 3 ya ba ka 21 da ɗoriya mai yawa, kusan 22. Ba a dasa guntun dutse, don haka ka zaɓi 22, ka sake raba 65.3 da 22, ya ba ka 2.97 mm. Wannan zaka saita a kwamfas.

Sai dai ba mai iya saita 2.97 daidai da hannu, shi ya sa ake tattaki. Ka ɗora ƙafa ɗaya a mafari, ka riƙa juya kwamfas ƙafa bayan ƙafa a kan layin tsakiya ba tare da dannawa ba, kana ƙirgawa. Taki na 22 ya kamata ya faɗa daidai inda ka fara. In ya wuce ko ya gaza, abin da ya rage ɗin ba duka zaka gyara ba, kashi ɗaya cikin 22 nasa ne, wato ɗan taɓa dunƙulen kawai zaka yi. Ka goge, ka sake baƙantawa, ka sake tattaki har ya faɗa. Kuskuren 0.05 mm da ido ba ya gani, in ya taru sau 22 ya haura milimita guda, rabin dutse kenan. Dabarar rage wannan ita ce ka raba zoben biyu da takardar nan da ka ninka, kowane rabi ya ɗauki taki 11, in adadin na rabuwa huɗu kamar 20 ko 24 ka raba huɗu. Sai ya faɗa daidai sannan ka ɗan danna kowane taki ya bar ɗigo.

Ka kuma gaya wa mai zoben tun kafin ka fara cewa irin wannan ba a ƙara shi ba a rage shi daga baya. In amarya ce ake haɗa wa lefe kuma ba a kawo awon yatsarta sosai ba, ni shawarata a yi rabin sama kawai a bar ƙasa fili.

Daga ɗigo zuwa rami

Ɗigon kwamfas ya yi ƙanƙanta, meshi ba zai tsaya a kai ba. Wasu suna sa ɗan fanci, wato ƙarfe mai tsini na buga alama, su buga da guduma, in zaka yi haka zoben ya kasance a kan tiribule na ƙarfe kuma bugu ɗaya marar ƙarfi, in ba haka ba zoben zai lotsa ko ya buɗe. Ni nafi son tsinke, in sa bakinsa a ɗigon in murza da hannu, sannan in bi da ƙaramin firez mai kan ƙwallo na 0.6 ko 0.8 in ɗan taɓa. Daga nan ka tsaya, ka ɗauki lup ka duba duka ɗigon kafin ka huda ko ɗaya. Wanda ya kauce daga layi yanzu ne ake jawo shi, ka kwantar da firez ɗin ta gefen da kake so ya koma ka ɗan ci. Bayan meshi ya ratsa ba sauran wannan damar sosai.

Huda da ƙaramin meshi tukuna kamar 0.8, sannan ka buɗe da wanda ya kai rabi zuwa kashi biyu cikin uku na faɗin dutsen, a dutse mai 2 mm wato 1.0 zuwa 1.3. Ka riƙa taɓa bakin meshin a kakin zuma. Kowane rami meshi ya nufi tsakiyar zoben, kenan zoben zaka riƙa juyawa ramin da kake hudawa ya zo sama daidai, kar ka bar zoben a tsaye kana karkata hannu.

Zurfin gurbi shi ma alama gare shi. Bayan ka buɗe da firez mai ƙwallo wanda ya ɗan gaza dutsen, 1.8 ko 1.9, ka shafa maka a cikin ramin, ka shiga da firez na gurbi daidai girman dutsen. Inda tawada ta fita nan ya ci, in ta fita gefe ɗaya ta rage a ɗayan hannunka ya karkace. Ka ɗauki dutsen da ɗan kaki a bakin tsinke ka gwada, fuskarsa ta yi daidai da saman ƙarfe ko ta ɗan nutse kamar kaurin gashi, kuma ya shiga da ɗan matsi. In ya yi, ja layin maka a jikin firez ɗin daidai inda ya tsaya don sauran ramukan su bi shi. Wurin dannawa ka fara da wurare huɗu masu kallon juna, sama, ƙasa, dama, hagu, ka duba bai karkace ba sannan ka kewaye.

Mai farce

Zobe ko ɗan kunne mai farata shida lissafinsa a cikin kwamfas yake. Dutse mai 6 mm, buɗe kwamfas 3 mm ka zana da'ira, kar ka taɓa saitin, ka taka a kan da'irar, sau shida zai dawo mafari. Farata huɗu kuma gicciye ne ta tsakiya. Mai siffar ƙwai ka zana akwati a kewayensa ka ja layi daga kusurwa zuwa kusurwa, inda suka yanki gefen dutsen nan farata zasu tsaya. Mai kusurwa huɗu ko mai tsini irin ɗigon ruwa dole farce ya rufe kowane tsini don nan yake fara fashewa. Kowane farce ya shigo cikin da'irar da kamar kashi ɗaya cikin uku na kaurinsa, wannan shigowar ita zaka yanke ta zama gurbi.

Kafin ka sa alamar gurbi ka bi kan faratan da magagari su zama tsayi ɗaya, ka kifa a kan rula ka gani, don daga kansu zaka auna, in ɗaya ya fi tsayi gurbinsa zai hau sama dutse ya kwanta gefe. Auna daga ƙugun dutse zuwa fuskarsa, a mai 6 mm wajen 1 mm ne, ƙara kaɗan, saita kwamfas, shafa maka a cikin kowane farce, ƙafa ɗaya a kan farcen ɗaya ta ja layi a ciki. Ka duba kuma tsinin dutsen ba zai taɓa ƙasa ba. Wurin yanka kar ka ci fiye da kashi ɗaya cikin uku na farcen, iyaka kusa da rabi, in ka wuce nan ranar da ya kama mayafi ko zaren leshi karyewa zai yi.

In duwatsu da yawa ne a fili ɗaya

Kan sarƙa ko faffaɗan ɗan kunne da ake cikawa da ƙananan duwatsu kusa da kusa, kwamfas kaɗai ba ya isa, da kaki ake yi. Shafa kakin zuma siriri sosai a kan ƙarfen da ka baƙanta, ka jera duwatsun a kife, fuska a ƙasa tsini a sama, ka fara da layin tsakiya, layi na biyu kowane dutse ya faɗa tsakanin biyu na layin farko. Tsakaninsu kamar kaurin takarda ɗaya ko biyu. A kifen nan faɗin ƙugu kake gani sosai, kuma kana iya turawa da hantsaki har tsarin ya yi maka. Da ya yi, ɗauki hoto da waya. Sannan ka ɗaga su ɗaya bayan ɗaya, kowanne zai bar sawunsa a kakin, ka soka tsinke a tsakiyar sawun. Duwatsun da ka ɗaga ka jera su a wani kakin a cikin kwalin ashana yadda suke a hoton, don kowanne ya koma raminsa. In filin yana da tudu ka ɗan ƙara tsakani, saboda duwatsu in sun nutse cikin ƙarfe mai lanƙwasa matsowa suke yi kusa da juna.

A watan Maris da Afrilu da zafi ke haura 40 a Garwa da Injamena kakin yana sakin jiki, ka jera duwatsu ka juya ka dawo sun zame. Wannan aikin da sassafe ake yin sa, ko ka ajiye kakin a ruwan randa kafin ka fara.

Goge alama da kiyaye dutsen

Layukan da ka ja duk ka goge su kafin dutse ya shiga, alkol a auduga ya ɗauke tawada, in akwai ɗan karce samfefa mai laushi ta bi. Bayan dutse ya zauna duk abin da ka kawo kusa da shi yana iya cin sa. A ma'aunin tauri na Mohs, Bajamushen da ya tsara shi a 1812, lu'ulu'un daimon 10 ne, yakutu 9, zirkon na kasuwa 8 zuwa 8.5, aƙiƙ 6.5 zuwa 7, fairuz 5 zuwa 6, kwalba wajen 5.5, murjani 3 zuwa 4. Tsinken ƙarfe mai tauri yana karce kwalba da fairuz da murjani, samfefa kuwa har aƙiƙ da zirkon tana dusashewa. Don haka ka rufe fuskar dutsen da sikoc na takarda kafin ka fara danna bango, in hannu ya zame sikoc ɗin ya ɗauka.

Maka kuma kar ta taɓa jikin fairuz ko murjani kai tsaye, suna shan tawada kuma ba ta fita, a kan sikoc ake ɗiga musu alama. Maganin goge jan farce yana cire maka da sauri a ƙarfe amma yana ɓata dutsen roba da wanda aka rina da wanda aka manna wa takardar ƙyalli a baya, irin waɗannan sun cika kasuwa, in ba ka tabbatar da abin da aka kawo maka ba ka tsaya a alkol kuma a ƙarfe kawai. Kakin da ya maƙale a bayan zirkon ka cire shi da ruwan ɗumi da sabulu da tsohon buroshin haƙori, in ka bar shi ƙura zata manne a kai dutsen ya dushe cikin sati. Daga ƙarshe ka tura kowane dutse da tsinken itace ta gefe huɗu kana kallo da lup, sannan ka goga zoben a tsohon mayafi mai laushi, duk inda ya kama zare ka koma wurin da abin dannawa.